Numfashin da Na Hana Shi

"Yatsu nawa na ɗaga?"

Mai Busa ya yi murmushin nan nasa mai sa mutum ya manta abin da ya kawo shi. Yana zaune a kan benci a ɗakin canza kaya, saksofon ɗinsa a kan cinya, yana goge shi da tsumma.

"Haba Tawan, wasan yara za mu yi? Saura rabin awa fa mu hau dandamali."

"Na ce yatsu nawa?"

Ina tsaye a gefensa na dama, ban fi taku biyu da shi ba.

"Uku," ya ce.

Hannayena biyu suna naɗe a ƙirjina. Ko yatsa ɗaya ban ɗaga ba.

Na zauna a ƙasa da doguwar baƙar rigata ta wasa.

"Tun yaushe?"

Ya daina goge ƙarfen. "Na dama ya tafi tun bara. Na hagu kuma... kamar mai leƙe ta cikin bututu nake gani. Hawan jinin ido ne."

"Innalillahi! Kuma ka yi shiru?"

"Likita ya ce in ajiye busa har a yi mini aiki. Wai duk sanda na cika ƙirji na danna sauti mai tsawo, idon nake matsawa."

"To ka ajiye mana!"

"Shekara ashirin ina busa a otal-otal, mutane suna cin abinci suna ƙarar cokula a kaina. Yau ga zaure cike an yi tsit ana saurarona, ki ce in ajiye? Gari tara suka rage. Mu gama, ki kai ni asibitin da hannunki."

Mu goma sha shida ne a ƙungiyar, duk masu goge, daga ƙanana irin nawa da ake saƙalawa a wuya har manya da ake jinginawa a ƙasa. Baba ne ya kafa ta tun kafin a haife ni. Ba mu da mai tsayawa a gabanmu yana kaɗa sanda. Ni da ke kujerar farko nake ba da alama, kowa ya bi. Kiɗanmu a rubuce yake, ko ɗigo ba ma ƙarawa. Shi kuwa Mai Busa ɗan jaz ne, abin da ya zo masa a rai shi yake busawa. Masu shirya rangadin suka ga dacewar a haɗa mu, a zaga da mu gari goma sha biyu.

A tsakiyar babban kiɗan akwai wani wuri da muke kira fili. Mu sai mu yi ta maimaita gaɓa huɗu a hankali, shi kuma ya yi ta yawonsa a kai. Idan lokaci ya yi in ɗaga sandar gogena sama, ya gani, mu sauka tare. A gari na biyu na ɗaga sandar har kafaɗata ta gaji bai ko juyo ba. Abin da ya sa na tsare shi ke nan a gari na uku.

"Ba ka ganin sandar," na ce. "To yaya za mu yi?"

"Kunnena lafiya lau. Tun ranar farko ina jin yadda kike jan numfashi kafin ki ja sanda. Ki ƙara masa ƙarfi kaɗan, zan ji."

Na share hawayena, na nuna shi da yatsa duk da ba gani yake yi ba.

"Da sharaɗi. Fili ba zai wuce minti ɗaya ba. Ina jan numfashi, ka sauko. Ko kana tsakiyar sama ne."

"Minti ɗaya? Ko gaisawa da saksofon ɗin ban gama ba!"

"Minti ɗaya, Nawan. Ko in faɗa wa Baba yanzun nan."

Ya lalubo hannuna ya ɗora a kan idonsa na hagu.

"Shi ke nan. Ga shi na ba ki ajiya."

Haka muka yi, kuma abin ya tafi daidai. Gari na huɗu, na biyar, har na tara, ina ja yana saukowa, babu wanda ya gane. A cikin bas in zauna a gefensa na hagu, in riƙa ɗiga masa maganin ido a ɓoye bayan labulen taga. Yana tsokanata wai mu masu karanta kiɗa ne kamar masu karanta jarida, ni kuma in ce shi ko direban da ya ɓata hanya ya fi shi sanin inda za shi. Ina son mutumin nan har ina jin tsoron kaina. Shekarata talatin da ɗaya, ban taɓa sanin haka dariya take da daɗi ba.

Baba dai tun farko bai so ba.

"Auta, wannan ba makaɗi ba ne, mai hayaniya ne," yake cewa. "Mutumin da ba ya iya busa abu ɗaya sau biyu iri ɗaya, shi zai riƙe alkawari?"

Sai in yi dariya in gyara masa hula. Ban ɗauka zai wuce ƙorafin tsofaffi ba.

Na manta da Ta Biyu.

Haka kowa yake kiranta, don ita ce a kujera ta biyu. Takarda ɗaya muke kallo, ita take juya mana shafi. Shekara goma sha ɗaya kafaɗarta tana gugar tawa, kuma shekara goma sha ɗaya tana jiran in tashi ta zauna. Da Mai Busa ya zo, na lura ta soma sa turare zuwa wurin gwaji, abin da ba ta taɓa yi ba. Wadda take zaune dab da hancina ai ita za ta fara jin numfashina ya canza.

A gari na goma, ƙarfe huɗu za mu fara wasa. Ƙarfe uku da rabi Baba ya aiko in same shi a ɗan ofishin da ke bayan dandamali. Na tarar da Ta Biyu a tsaye jikin bango, idonta a ƙasa kamar mutuniyar kirki.

"Rufe ƙofa," Baba ya ce. "Makaho ne?"

Na rufe ƙofar.

"Baba, ba makaho ba ne, ciwo ne, kuma za a yi masa..."

"Kin sani ke nan. Kin sani kika ɓoye mini, a ƙungiyata!"

"Ƙawata, ki yafe ni," Ta Biyu ta ce da 'yar murya. "Wallahi don ke na faɗa. Ba zan iya kallo ana wasa da hankalinki ba."

"Wa yake wasa da hankalina?"

"Ranar gwajin farko, kafin ki iso, ni ya fara samu. Ko sunana bai tambaya ba. Cewa ya yi, 'Wace ce take ba da alama a nan?' Na ce ke ce. Washegari sai ga shi ya kawo miki fure."

"Ƙarya kike!"

"Ki tambaye shi."

Baba ya cire tabarau ya ajiye. Muryarsa ta yi sanyi, kuma sanyin ya fi faɗan ciwo.

"Auta, ya san idonsa ya lalace tun kafin ya karɓi aikin nan. Ya san ba zai gama rangadin ba sai da wanda zai rufa masa asiri. Ya duba ya ga wace ce za ta yi masa amfani, ya bi ta. Ba mata yake nema ba, sanda yake nema."

Na fita ban rufe ƙofar ba.

Na same shi a bakin labule, ya rataya saksofon a wuya, yana jiƙa bakinsa. Ana jin hayaniyar mutane suna zazzaunawa.

"Tawan? Takunki ne, amma yau da faɗa a ciki."

"Ranar farko ka tambayi Ta Biyu wace ce take ba da alama?"

Ya daina jiƙa bakin saksofon ɗin.

"Na tambaya."

"Lokacin ka san da ciwon?"

"Na sani. Amma ki tsaya in..."

"Washegari ka kawo mini fure?"

"Rabin raina, ki saurare ni..."

Aka buga ƙararrawa. Na ɗauki gogena na wuce shi, na hau dandamali ina murmushi kamar yadda aka koya mini tun ina shekara bakwai.

Ban san yadda na kaɗa rabin farko ba, hannuna ne kawai yake aiki. Maganar Baba ce take ta juyawa a kaina. Duk ɗigon maganin da na ɗiga, duk dariyar cikin bas, na riƙa ɗauko su ɗaya bayan ɗaya ina dubawa, kowanne sai in ga kamar da lissafi aka yi shi.

Muka iso fili.

Muka kwantar da sauti, muka shiga maimaita gaɓa huɗun nan. Ya fara busa a hankali. Akwai agogo a bangon ƙarshen zauren, ina kallonsa.

Minti ɗaya ya cika.

Na ji ya karkato da sautin ƙasa, yana jirana.

Na datse haƙorana.

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, ba mantawa na yi ba, ba ruɗewa na yi ba. Cewa na yi a raina: tunda sanda ce ni, bari ya ji yadda ake yi in babu sanda. Minti ɗaya kawai zan ƙara masa, ya ji a jikinsa.

Da bai ji ni ba, sai ya sake ɗagawa. Ya zaga ya dawo ya buɗe mini ƙofa, na ƙi shiga. Ya sake zagawa. Minti uku. Minti biyar. Mai babban goge ya ɗago kai yana kallona. Duk su goma sha biyar ɗin idonsu a kaina, don babu mai ikon motsawa sai na motsa.

Shi kuwa ya hau sama. Ban taɓa jin ya yi busa irin wannan ba. Jijiyoyin wuyansa suka fito, gumi ya jiƙa kwalar rigarsa, ya riƙe sauti ɗaya siriri har na ɗauka ƙarfen zai tsage. Mutane suka fara miƙewa tsaye. Ni kuma wani mugun abu a cikina yana jin daɗi, yana cewa ai ga shi nan yana kirana.

"Ki shigar da mu," Ta Biyu ta raɗa. "Don Allah ya isa... ki shigar da mu!"

Na kalli agogo.

Minti goma sha ɗaya.

Sai a lokacin na tuna da hannuna a kan idonsa. Kuka ya ƙwace mini, na ja shi ciki da ƙarfi. Ya ji. Ya sauko daidai kan gaɓa, muka rufe kiɗan tare kamar mun shekara muna shirya shi haka.

Zauren ya ɗauka da tafi da ihu. Ya sauke saksofon, ya tsaya yana haki. Sannan ya juya, ya rusuna har ƙasa.

Bangon gefe ya rusuna wa. Mutane suna can ta hagunsa.

Wasu suka yi dariya, sun ɗauka wasa ne.

Na jefar da gogena na ruga na kama hannunsa.

"Tawan," ya ce a hankali, murmushi bai bar fuskarsa ba saboda jama'a, "an kashe fitilu ne?"

Kwana shida muka yi a asibiti. Aka yi aikin gaggawa, aka naɗe, aka kwance. Likitar ta kira ni waje ta ce tun kafin ranar, jijiyar idon hagun saura ƙiris ta rage, ba za ta iya rantsuwa cewa busar ranar ce kaɗai ta ƙarasa ta ba. Na riƙe wannan maganar kamar mai riƙe da bakin rijiya. Sai ta ƙara da cewa, "Amma da ya zo mini da idon yadda yake a makon jiya, da ina da abin da zan ceta."

An soke gari biyun da suka rage. Ta Biyu ta zo sau ɗaya, ta tsaya a bakin ƙofa, ta kasa shigowa. Baba ya zo ya zauna kusa da ni a baranda, ya tsufa a cikin kwana shida.

"Na ji busar nan, Auta. Makaɗi ne. Ban yi masa adalci ba." Ya juyo ya dube ni. "In kina son sa, na amince. Amma abin da ya faru a filin nan, ki bar shi a cikinki har kabari. Ya ɗauka kuskure ne. Ki bar shi a haka."

Yayarsa ma ta iso, wata doguwar mata marar yawan magana, ita ta raine shi bayan rasuwar iyayensu. Tana ganina ta rungume ni, ta ce ya ba ta labarina, Allah ya yi mini albarka da na tsaya masa. Da mari ta yi mini da ya fi sauƙi.

Ranar da za a sallame shi, da hantsi, na shiga na same shi zaune a bakin gado, fuskarsa tana fuskantar taga inda yake jin ɗumin rana.

"Zo nan, rabin raina. Kwana shida kina yi mini hidima ba ki ce komai ba. Me ya same ki ranar? Na ɗauka jiri ne ya ɗebe ki, ko takardar ce ta ɓace miki."

"Me ya sa ba ka tsaya ba?" na ce. "Da ka ji shiru, me ya sa ba ka sauke kawai ba?"

"In sauke? In na tsaya ku ma sai ku watse, kowa ya san ke ce ba ki ba da alama ba. A wurinmu in abokin kiɗanka ya ɓata hanya ba ka tsayawa. Sai ka yi ta busa kana rufa masa asiri har ya gano inda yake. Balle ke."

Na durƙusa a gabansa. Na san abin da Baba ya ce. Na san in na yi shiru, wata biyu a ɗaura mana aure, in riƙe shi har ƙarshen rayuwata. Amma ya ɗora hannu a kaina yana lallashina, shi da na makantar.

"Ban ɓata ba, Nawan."

Hannun ya tsaya.

"Ina kallon agogo. Da gangan na hana ka. Haushi nake ji... na ce bari ka ji yadda ake yi in babu ni."

Ya janye hannunsa a hankali ya ɗora a kan gwiwarsa.

"Minti nawa?"

"Sha ɗaya."

"Kina kallon agogo."

"Ina kallo."

A waje wani yana tura keken marasa lafiya, tayarsa ɗaya tana ƙara.

"Na tambayi wace ce take ba da alama," ya ce, "don in same ta in gaya mata gaskiya tun ranar farko, mu san dabarar da za mu yi. Sai kika shigo a makare, kina faɗa da lemarki ta ƙi rufuwa. Na ce wannan ba zan yarda ta fara sanina a matsayin marar lafiya ba. Bari ta san ni tukuna. Wautata ke nan. Abin da na so in gaya miki ke nan a bakin labule."

"Ka yafe mini! Don girman Allah ka yafe mini! Zan bar ƙungiyar, zan bar gogen, zan zama idonka, duk inda za ka..."

"Na yafe miki."

Na ɗago kai.

"Wallahi na yafe. Ni ma da laifina, likita ya hana ni na ƙi ji. Kuma ina son ki, wannan ba ya hannuna balle in cire." Ya juyo da fuskarsa wajena. "Amma ki duba. Yanzu duk duniyata kunne ce. Wanda zan zauna da shi, in ya yi shiru, dole in san shirun alheri ne. Ke kuwa duk ranar da muka saɓa, na kira na ji tsit, ko a bakin titi ne ko a kan bene, sai na tambayi kaina: ba ta nan ne, ko tana tsaye tana kallona?"

"Ba zan sake ba! Har abada!"

"Na sani. Ke ba za ki sake ba. Ni ne ba zan daina tambaya ba. Zan ƙuntata miki, in ƙuntata wa kaina, har son ya koma wani abu. Gara mu bar shi yana da kyansa."

"Nawan..."

"Tashi ki je, Tawan. Ki koma kujerarki. Kada ki ajiye goge saboda ni, asara ɗaya ta isa."

Na fito. Ban iya nisa ba, na jingina da bango a barandar, dab da ƙofar da ake fita.

Bayan kamar rabin awa suka fito. Yayar ta rataya akwatin saksofon a kafaɗa, shi kuma ya riƙe gwiwar hannunta, yana jan ƙafa a hankali kamar mai tsoron taka ƙwai. Da na ga fuskarta na san ya gaya mata.

Suka zo daidai inda nake. Da na miƙa hannu da na taɓa rigarsa.

Sai ya ja ya tsaya, ya karkata kai.

"Yaya, akwai wani a nan ne?"

Ta dube ni tun daga sama har ƙasa. Na buɗe baki, ta girgiza mini kai sau ɗaya.

"Babu kowa," ta ce. "Taho, akwai matakala uku a gabanka."

Ya gyaɗa kai, ya laluba ta farko da ƙafarsa.